Kamfanin da ya gyara mana gidan Gwammaja: abin da aka nuna mana a kwamfuta da abin da ya samu a ƙasa

Tun da muka gama gyaran gidan Hajiyarmu mutane ke tambayata wa ya yi aikin, wasu daga leƙa falon sai su ce in ba su lamba. Lambar dai ba na bayarwa haka kawai sai na zaunar da mutum na yi masa bayani, don ba na so wani ya kwashi kuɗin guminsa ya kai inda na nuna masa gobe ya zo yana cewa ban faɗa masa ba. Sunan kamfanin ba zan kama ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma yara ne masu neman na kansu, ba na son in zama sanadin toshewar abincin kowa. Amma irinsu sun cika Kano yanzu, duk wanda ke shiga Instagram ko TikTok ya san su, masu sa bidiyon tsohon ɗaki duk ya yi baƙi sannan a juya kyamara ka ga ya koma kamar ɗakin otal. A taƙaice dai aikinsu na kwalliya yana da kyau, ba su ci mana kuɗi ba, amma ba su san tsohon gida ba, kuma lissafin da suke ba ka na farko kar ka ɗora ranka a kai.

Gidan mahaifinmu ne ya gina, Allah ya jiƙansa, tun a shekarun 1980. Ginin bulo ne, kwano irin na da, akwai zaure da tsakar gida da rijiya da bishiyar darbejiya. Mu 'ya'ya muka haɗa kuɗi muka ce tunda Hajiya ta rantse ba za ta bar unguwar ba to bari a gyara mata inda take. Daga nan fa gurup ɗin WhatsApp na gida ya cika da hotuna, ƙannena mata kullum sai sun turo falon Dubai ko kicin ɗin Turkiyya, Yayanmu shi kuma gaban gida ya dame shi, yana son irin rufin nan da ake ɗaga bango a ɓoye kwano a ciki. Duk muka tattara muka kai wa shugaban kamfanin, wanda kowa Injiniya yake ce masa duk da zanen gini ya karanta. Mutum ne mai fara'a da ladabi, da ya zo gidan har ƙasa ya durƙusa ya gaida Hajiya, ya auna ɗakuna, ya ɗauki hotuna, ba a jima ba ya kira mu ofis ya kunna mana zane a kwamfuta. Wallahi zanen nan ya yi kyau. An rushe bangon da ke tsakanin falo da ɗakin kusa an yi ƙaton falo guda, kicin a buɗe yana kallon falon, taga ta gilashi tun daga sama har ƙasa, silin ɗin POP (na farar hodar nan da ake kwaɓawa) hawa-hawa da fitilu a ɓoye, tsakar gida an shimfiɗe da intalok babu bishiya. Ƙanwata har da ƙwalla. Kuɗin zanen daban suke karɓa, in ka ba su aikin sai su cire shi daga jimla, wannan ban ga laifinsa ba.

Ƙorafina na farko kuma mafi girma shi ne a duk zuwan da suka yi kafin su ba mu lissafi babu wanda ya hau cikin silin ya ga katako, babu wanda ya ƙwanƙwasa bango, babu wanda ya buɗe murfin sokawe ko ya kwance soket guda ya duba waya. Tsawo da faɗi kawai suka auna. Gidan da ya doshi shekara 40 a ce ka yi masa kuɗi da awon tef, ai ka san akwai magana a gaba.

Maganar kuwa ba ta daɗe ba ta fito. Akwai wani dattijon magini da suka ɗauko jinga, Baba muke ce masa, ranar da aka fara kankare fulasta ya kira ni ya ce, “Alhaji zo ka gani da idonka.” Ya sa bayan cokalin gini ya bugi ƙasan bangon falo sai fulastar ta zubo kamar gari, bayanta bulon ya yi fari fat da gishiri, ya sa babban yatsa ya danna sai yashi ya biyo. Daga ƙasa har kusan gwiwar mutum haka yake, zagaye da ɗakunan da ke ɓangaren rijiya. Ya ce wannan danshi ne ke hawowa daga ƙasa saboda lokacin da aka yi ginin ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashin daɓe ba, ruwan yana hawa cikin bulo ya bushe ya bar gishiri, gishirin ke cin siminti. Mu da muka tashi a gidan mun saba ganin fenti yana ɓarewa a wajen, duk sallah a sake shafawa. Na tambayi Injiniya me ke cikin lissafinsu game da wannan, ya ce skiridin, wato shafen da ke sa bango ya yi sumul, da fenti mai kyau. Baba ya girgiza kai ya ce, “Injiniya, wannan shafa hoda ne a kan ƙurji, damina ɗaya za ta tona mana asiri.” Abin da na yaba wa yaron shi ne bai yi girman kai ba, ya ce Baba ya faɗi yadda za a yi. Aka fasa daɓen, aka cire bulon da ya mutu kaɗan-kaɗan ana mayar da sabo, aka shimfiɗa leda mai kauri aka zuba sabon kankare, fulastar ƙasa aka haɗa ta da maganin hana ruwa, ta waje kuma aka gyara gangaren tsakar gida don ruwa ya daina kwanciya a gindin bango. Duk wannan ko sisi babu shi a takardar farko.

Da aka sauke silin kuma sai ga gara ta cinye kusan rabin katakon rufin, wani in ka kama sai ya ruguje a hannunka. Wayoyin wuta duk robarsu ta bushe tana farfashewa, an yi ta jone-jone da salatif tsawon shekaru. A nan ma ina da magana a kansu, silin ɗin irin na asbesto ne na da, leburori suka riƙa farfasa shi da guduma ƙura na tashi babu ko ƙyalle a hancinsu, alhali ƙurar asbesto tana lalata huhu har ciwon daji tana jawowa. Sai da na yi magana aka sayo musu takunkumi aka riƙa yayyafa ruwa ana cire shi ɗaya-ɗaya. Kamfanin da ke kiran kansa kamfani bai kamata sai mai gida ya tuna masa wannan ba, yaran nan 'ya'yan wasu ne.

Sai tashin farashi ya same mu a tsakiyar aiki, wannan kam ba laifinsu ba ne. An yi mana lissafi a ƙarshen 2023 buhun siminti yana dubu biyar da wani abu, an riga an cire tallafin mai tun Mayun shekarar, kuɗin tifar yashi da tsakuwa duk sun hau. A cikin Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000, dala ta wuce 1,500, har sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka ce a riƙa sayarwa tsakanin 7,000 zuwa 8,000. Duk wanda ya je Ƙofar Ruwa a watannin nan ya san yadda ake, ka tambayi rodi da safe ka dawo da yamma a ce maka ya ƙaru, wani ɗan kasuwar ma cewa zai yi babu alhali ga kaya a jibge. Inda suke da laifi shi ne takardar yarjejeniyarsu ba ta ce komai ba a kan wa zai ɗauki ƙarin in kaya sun tashi. Muka yi zama mai ɗan zafi, Yayanmu ya ce ai kwangila kwangila ce, Injiniya ya ce, “Ranka ya daɗe in na ce zan iya a tsohon farashi ƙarya na yi maka, sai dai in rage siminti a kwaɓi, ni kuma ba zan yi haka a gidan da Hajiya za ta kwana ba.” A ƙarshe muka raba, mu ke sayen kaya da kanmu su kuma a biya su kuɗin aiki da na kulawa, mataki-mataki. Tun daga nan rigimar kuɗi ta mutu. Katako daga 'Yan Katako na Na'ibawa muka sayo aka shafe shi da maganin gara kafin a ɗora, rodi da kwano Ƙofar Ruwa, kayan famfo da na wuta Sabon Gari. Duk inda za mu je sai su haɗa mu da mai aikin da zai yi amfani da kayan, kuma ban taɓa kama su suna haɗa baki da mai shago ba.

To da kuɗi suka tafi ƙarƙashin ƙasa da cikin rufi dole zanen nan ya fara raguwa, kuma gaskiya ba kuɗi kaɗai ne suka rage shi ba. Rufin ɓoye da Yayanmu ke so, su kamfanin da shi suka fi talla don shi ke kyau a hoto. Baba da kafintan suka haɗu suka ce kar a yi. Dalilinsu, in ka ɗaga bango ka kewaye kwano duk ruwan saman yana taruwa ne a kwata guda ta cikin bango kafin ya fita ta bututu, ƙurar hunturu da ganye da leda su toshe ta, ruwan Agusta na Kano kuma in ya sauko ba ya jira, kwatar ta cika ta tumbatsa, ba inda ruwan zai bi sai cikin silin. POP kuwa ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, ya jiƙe ya yi taswira, in abin ya yi yawa ya rufto. Wa zai riƙa hawa sama yana share wa tsohuwa kwata duk farkon damina? Muka yi rufi mai gangare da baki a waje, dogon kwanon alminiyom mai kaurin milimita 0.55, kafintan har da ɗan ma'auninsa ya je da shi shago ya auna don ana sayar wa mutane mara kauri da sunan mai kauri. Ta titi gidan bai yi ƙyalli irin na zanen ba, amma ya sha damina har biyu ɗigo ɗaya bai sauka a ɗaki ba, maƙwabcinmu da ya yi na ɓoye a shekarar yanzu haka silin falonsa duk tabo ne.

Rushe bango don a faɗaɗa falo, nan sun burge ni. Injiniya ya ce shi ba zai taɓa bangon ba sai ya kawo injiniyan gini na ainihi mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi ta ƙasa, ya duba. Mutumin ya zo ya ce bangon na ɗauke da nauyin rufi kuma gidan ba shi da linta da ta zagaye, in za a cire sai an kafa ginshiƙai an zuba bim, ga kuma neman izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, tunda an taɓa tsarin gini. Da muka ji kuɗin muka haƙura, aka buɗe ƙofa mai faɗi kawai aka zuba mata linta. Wani ɗan kwangilar da tuni ya sa guduma.

Kicin a buɗe kuwa Hajiya ce ta kashe maganar da kanta. Da aka nuna mata a waya ta daɗe tana kallo sannan ta ce, “To in baƙi maza suna falo ni ina zan tsaya in tuƙa tuwo? In ana suyar manja ko an sa daddawa a miya kujerun nan naku su sha? Turmin kuma a kan wannan tayil ɗin za a riƙa daka?” Babu wanda ya iya ba ta amsa. Da aka zo kan darbejiya ta ce mahaifinmu ne ya dasa, a inuwarta take shimfiɗa tabarma ta yi lazimi da la'asar, duk wanda ya sare ta ba da yawunta ba. Ita ma tagar gilashin yamma take kallo, a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga wuta ba kullum ba balle a ce na'urar sanyaya ɗaki za ta yi ta aiki, ga ƙurar hunturu da za ta sa a yi ta gogewa. Abin da ya ba ni haushi shi ne duk waɗannan tambayoyin su ya kamata su yi mana tun ranar farko, wa zai zauna a gidan, shekarunta nawa, da me ake girki, baƙi nawa ke shigowa. Ba su tambaya ba, hotunan da muka kai kawai suka mayar mana da su cikin awon gidanmu. Mai zane ai aikinsa ne ya ce maka wannan ba zai yi da rayuwarku ba.

Yanzu abin da suka iya. Mai tayil ɗinsu ɗan Togo ne, Hausarsa kaɗan-kaɗan, amma hannunsa sai dai a ce masha Allah. Tayil mai santimita 60 da 60 muka sa, kowane kwali tayil huɗu ne a ciki, ya ce mu ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awo saboda yanka da fashewa kuma mu saya lokaci guda don in ka koma ciko sau da yawa launin ba ya zuwa ɗaya. Na tsaya na kalle shi yana aiki, zare ya ja daga bakin ƙofa, kowane tayil sai ya cika bayansa da kwaɓi har kusurwa, ya ɗora ya bubbuga da gudumar roba ya aza ma'aunin ruwa, washegari ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙotar guduma yana saurare, wanda ya yi ƙarar rami ya ɓalle shi ya sake ba tare da an ce masa ba. A banɗaki ya kwara bokitin ruwa a gabana duk ya gangara magudana babu inda ya kwanta. Mai wayarin ma ya yi aiki mai tsafta, waya mai lamba 1.5 ta fitilu, 2.5 ta soket, 4 ta hita, duk cikin bututu, ya raba layin da zai hau sola daban don gaba. Falamban ya cire tsofaffin bututun ƙarfe da suka yi tsatsa, kuma shi ya ja hankalinmu cewa sokawen ya yi kusa da rijiya sosai, ana so a bar aƙalla mita 15 tsakani, gidajenmu na cikin gari kuma ba fili, don haka aka matsar da shi iya inda zai yiwu ta bakin zaure, ruwan rijiyar aka bar shi na wanki da shara kawai.

Inda suka gaza kuma ba zan ɓoye ba. Sun ce wata uku, aikin ya ci fiye da ninki biyu, wani jinkirin na kuɗi ne daga wajenmu amma mafi yawa nasu ne, saboda ma'aikatan ba nasu ba ne na dindindin, jinga suke ba su, in wani babban aiki ya fito a Nasarawa GRA ko Abuja sai ka wayi gari babu kowa a gidan sai tulin yashi, ka kira a ce gobe in sha Allah, goben ta zama sati. Hajiya tana zaune gidan ƙanwata duk ta ƙosa. Da azumin 2024 ya kama a watan Maris ga zafi, aiki ya koma rabin yini, sai kuma suka tashi da gaggawa wai a gama kafin sallah, nan suka shafa fenti a kan POP da fulastar da ba su gama bushewa ba, siminti kuwa sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfinsa. Ba a daɗe ba fentin ɗakin Hajiya ya kumbura ya fara ɓarewa. Kabad ɗin kicin sun ce katako mai jure ruwa ne ashe MDF ne, allon garin katako da aka matse, na gama-gari, ƙarƙashin wajen wanke-wanke ya sha ruwa ya kumbura ƙofar ta daina rufuwa. Sannan tayil ɗin da suka zaɓa na banɗaki mai santsi ne irin na falo, a banɗakin tsohuwa mai ciwon gwiwa da ke alwala sau biyar a rana, shi kansa mai tayil ɗin sai da ya yi magana aka ce masa haka yake a zane. Ranar da Hajiya ta zame Allah ya kiyaye ta dafe bango, a satin muka sa aka ɓalle shi aka sa mai kaushi, aka kafa mata ƙarfen riƙewa da ɗan dakalin zama.

Da na kira su kan fentin sun zo, sun kankare sun sake ba su karɓi ko kwabo ba, tayil ɗin banɗaki mu muka sayi kaya su suka biya mai aiki. Ina kyautata musu zato, amma na san cikon kuɗinsu da muka riƙe har sai damina ta wuce ya taimaka wajen saurin ɗaga waya, kuma ina ba kowa shawara ya rubuta wannan sharaɗin tun farko. Kabad ɗin ne har yau muke ja, su sun ce ruwa aka bari yana zuba, ni na ce kicin ai wajen ruwa ne.

In sabon gini gare ka wanda an gama rufi da fulasta, kwalliya kawai kake so, tayil da silin da fitilu, ka je wajensu ko irinsu za ka ji daɗi, sai dai ka sayi kayanka da kanka. In kuwa tsohon gida ne irin namu na Gwammaja ko Fagge ko cikin Badala, kafin ka biya kuɗin zane ka nemo tsohon magini da kafinta da mai wuta ka biya su kuɗin yini su hau sama su sauka ƙasa su faɗa maka gaskiyar gidan, abin da ya rage a hannunka bayan nan shi za ka kai wa masu kwamfuta, kuma ka tafi da wanda zai zauna a gidan a yi zanen a gabansa. Mu dai kusan rabin kuɗinmu ya tafi a abubuwan da baƙo ba zai taɓa gani ba, silin hawa-hawa ya koma shafe guda da fitila huɗu da fanka, intalok iya bakin zaure ya tsaya. Kabad ɗin kuma na riga na yi magana da wani mai aikin alminiyom a Ƙofar Ruwa, in an yi albashi zai zo ya auna a cire na katakon gaba ɗaya.